Ba kowace mararraba ce karina ba

Ƙannena masu koyon aikin sa barci, bari in ba ku labarin kunyar da na sha a ɗakin tiyata ina shekara ta biyu a horo. Wani dattijo za a cire wa ɓangaren huhun dama, na saka masa bututun numfashin nan mai hanya biyu da ke ba kowane huhu iska daban, na hagu (wanda bakinsa ke shiga reshen hanyar iska na hagu), lamba 39, na ɗora sitetoskof na ji komai ras, na ce shikenan. Muka juya shi kan gefen hagu, wuyansa ya ɗan lanƙwashe, ni kuwa ban sake dubawa ba don ina ganin na iya.

Ana buɗe ƙirji sai oksijin ya fara gangarowa har kashi 85. Jiki na rawa na zura birankoskof, siririyar na'urar leƙa hanyar iska, ta hanyar bututun da ke buɗewa a maƙogwaro, na ga hanya ta rabu biyu, na ce oga ga karina nan (wato inda maƙogwaro ke rabuwa zuwa reshen dama da reshen hagu), bututu na daidai. Oga ya leƙa ya ce, to ina ƙofar huhun dama na sama? Wallahi shiru na yi.

Ashe bututun ya zurma can cikin reshen hagu, mararrabar da na gani ta tsakanin huhun hagu na sama da na ƙasa ce, kuma na ƙasan kaɗai ke samun iska. Shi reshen hagu dogo ne, kusan santimita 5, reshen dama kuwa gajere ne mai faɗi, kuma santimita 2 ko ƙasa da haka daga karina za ka ga ƙofar huhun sama da ramuka uku jere kamar duwatsun murhu. Don Allah in ba ku ga ramukan nan uku ba kar ku rantse kuna karina. Ku kuma kalli bangon maƙogwaro, zoben guringuntsi na gaba, bayan kuwa nama ne mai layi-layi a tsaye, shi ke nuna maka dama da hagu in kanka ya juya. Kunne yana ruɗi sosai a nan, ku leƙa da ido bayan saka bututu, ku sake leƙawa bayan juya majinyaci ko da likitan tiyata na ta tsaki yana duba agogo.

Na ja bututun baya a hankali har shuɗin balan-balan ɗin da ke kusa da bakin bututun ya leƙo daidai ƙasan karina ta gaskiya, oksijin ya hau 97. Oga bai ƙara cewa uffan ba, sai ya ce wa nas ta goge min zufar goshi.