Akwatin ajiye tabar siga a garin hunturu da zafi: abin da aiki ya koya min

Tun farko in faɗa, ni ba na shan taba kuma ba zan ba kowa shawarar ya fara ba, illarta ga huhu da baki ba ɓoyayye ba ne. Aiki ne ya haɗa ni da ita. Ina aiki a wani otal a Abuja inda manyan baƙi ke zama da yamma, cikin kayan da aka damƙa min har da tabar siga, wato mai kaurin nan da ake naɗewa da ganye zalla babu takarda, da akwatin da ake ajiye ta wanda ake cewa humido. Kuma tunda kamfanin Habanos na Kuba ya ninka farashin tabar sigarsa masu suna Cohiba da Trinidad a 2022, kara ɗaya in ya lalace a hannunka toh albashinka ne zai ji a jikinsa.

Ganyen nan yana shan danshin iska yana kuma fitar da shi, kusan kamar goro ne, in ka bar shi a buɗe ya bushe ya yanƙwane in kuma ka cika masa ruwa ya ruɓe. Ana son danshin cikin akwatin ya tsaya tsakanin kashi 65 zuwa 70 cikin 100, sanyin kuma masu Kuba sun fi son digiri 16 zuwa 18, Amurkawa na cewa har 21 ba laifi. Toh duba garinmu. Disamba da Janairu hunturu na iya saukar da danshin iska ƙasa da kashi 20, Agusta kuma ya haura 80, ga Maris da Afrilu zafi yana kai 37 ko fiye. Yawancin shawarwarin da za ka gani a intanet mutanen da ke zaune a ƙasashen sanyi ne suka rubuta, su matsalarsu hita ce lokacin sanyi, ba su san ɗakin da aka ɗauke wuta tun safe esi ya mutu ba.

Wajen zaɓe, abin da mutane ke fara kallo shi ne ƙyalli, ni kuwa marfi nake fara dubawa. Ka ɗaga shi kaɗan ka saki, mai kyau za ka ji ya sauka a hankali da ɗan hucin iska, wanda ya faɗo ɓaf katako kan katako toh iska na shiga. Ko ka maƙala takardar kuɗi a bakin ka rufe ka ja, in ta zare ba wahala ka ajiye shi. Ko ka kunna tocilan ka saka a ciki ka kashe fitilar ɗaki ka ga ko haske na leƙowa. Masu gilashi a sama kuwa suna da kyau a kanta gaskiya, baƙi na son su ga kaya, amma ta gefen gilashin nan danshi ke gudu, a hunturu sai ka yi ta fama. Cikin akwatin ya zama katakon sida na Latin Amurka, Cedrela odorata, shi ne ke riƙe danshi yana sakewa a hankali yana kuma ba taba ƙamshi. Ka leƙa kauri, da yawa filawud ne aka manna masa ɓawon sida siriri kamar takarda. Sannan in an rubuta yana cin kara 50 kar ka yarda, da ƙananan kara suke lissafi, masu kauri irin na yanzu da ƙyar ka zuba 35 kuma dole ka bar wa iska wurin zagayawa.

Sabon akwati ba a zuba masa taba ranar da aka sayo. Katakon a bushe yake, shi zai fara tsotse danshin tabar. Wasu na goge cikin da jiƙaƙƙen tsumma, ni ba na yi, na ga akwatin da aka yi wa haka katakon ya kumbura marfin ya daina zama daidai. Fakitin daidaita danshi na kamfanin Boveda mai lamba 84 (lambar ita ce kashin danshin da yake tsayarwa) ake sakawa a rufe sati biyu kar a buɗe, ko ƙaramin kofi da tataccen ruwa a ciki. Tataccen ruwa fa, irin na kemis, ba fiyawota ba ba na rijiyar burtsatse ba, waɗannan suna da gishirin ƙasa da ke toshe soson ba da danshi na cikin akwatin suna kuma kawo funfuna. Kuma a yi hattara da ruwan batir na bakin hanya, wani an sa masa asid.

Mitar auna danshi mai allura da ke zuwa jikin akwatin ado ce kawai. Sayi ta lambobi, ita ma ka gwada ta kafin ka yarda da ita. Gwajin babu tsada: marfin kwalba ka cika da gishirin miya, ka ɗiga ruwa ya jiƙe kawai ba ya narke ba, ka saka shi da mitar cikin leda mai zif ka rufe su kwana. Jiƙaƙƙen gishiri a rufe yana tsayar da danshi a kashi 75, in mitarka ta nuna 71 ka san kullum za ka riƙa ƙara mata 4.

Koren soson ba da danshi da ake sa wa ruwa da sinadarin firofilin gilaikol rabi da rabi na daina amfani da shi, na koma fakiti, saboda fakitin yana ba da danshi yana kuma shanyewa in ya yi yawa, wanda a damina shi ne abin da kake buƙata. Da hunturu ina sa mai lamba 69 in ƙara yawansu, da damina in koma 65. In ka taɓa ka ji ya yi tauri ya daina laushi toh ya ƙare, a hunturu kuwa da wuri yake ƙarewa.

Amma babban abokin gaba a nan zafi ne, kuma babu akwatin katakon da ke maganinsa komai tsadarsa. Akwai ɗan ƙwaro ja-ja da bai wuce milimita 2 zuwa 3 ba, ƙwansa kan biyo ganyen tun daga can, da zarar zafi ya haura kamar digiri 23 ga danshi sai ya ƙyanƙyashe. Za ka ga ɗan rami zagayayye kamar an huda da allura a jikin karan, da gari launin ƙasa-ƙasa a gindin akwatin, in ka ga haka ba kara ɗaya ya ci ba. Shi ya sa duk kayan da suka shigo min sai sun bi ta firiza: a leda biyu a matse iska, kwana ɗaya a firji, kwana uku a firiza, a dawo firji kwana ɗaya, sannan su huce a ɗaki kafin a buɗe ledar. Kuma ina zaɓar lokacin da na tabbata janareto ko inbata zai riƙe, don firizar da ke narkewa tana daskarewa ba ta kashe komai sai dai ta fasa ganye.

Daga baya ma babban ajiyarmu ya bar akwatin katako gaba ɗaya. Sabuwar kula na sayo, irin ta ƙanƙara, na wanke ta na shanya a inuwa har warin roba ya fita, na jera tabar cikin akwatunansu na asali da fakiti a tsakani, na ajiye ta ƙasa a ɗakin da ya fi sanyi nesa da taga. Kula ba ta sanyaya komai amma in an ɗauke wuta zafi ba ya shiga da sauri, kuma bakinta na rufewa fiye da akwatunan da aka sayo da dala. Oga da farko bai so ba, wai ba mutunci, sai muka daidaita: akwatin mai ƙyalli na gaban baƙi da kayan 'yan kwanaki, kula na baya. Ƙaramin firjin giya mai aiki ba kwamfuresa shi ma ana amfani da shi, sai dai ƙarfinsa bai wuce ya rage kamar digiri 10 daga zafin ɗaki ba, a Afrilu ba esi bai isa ba.

Ganyen da ya fi saurin tona asirin sakaci shi ne na Kamaru, wanda ake nomawa a gabashin ƙasar wajen Batouri, kamfanin Arturo Fuente na naɗe tabar sigarsa masu suna Don Carlos da Hemingway da shi. Siriri ne sosai, danshi na sauka shi ke fara tsagewa, don haka nake barinsa cikin ledarsa a ƙasan akwati. Masu ƙamshin banila ko kofi kuwa robarsu daban, in ka haɗa su da tabar siga zalla irin Montecristo duk sai su koma wari ɗaya. Funfuna in fara ce a jikin ɓawon, wato ganyen waje da aka naɗe karan da shi, ana gogewa a rage danshi, in ta yi kore ko shuɗi ko ta shiga ta gindin karan, shara.

Baƙi kan kawo min tabar da ta kwana wata biyu a mota ko durowa su ce in gyara. Ana iya dawo da laushin amma sannu a hankali, roba mai marfi da fakitin 62 tukuna, bayan makonni a koma 65 sannan 69, in ka yi gaggawa cikin zai kumbura kafin ɓawon ya saki sai ya fashe daga sama har ƙasa. Man ganyen da ya riga ya tashi kuwa ba ya dawowa, nakan faɗa musu haka tun kafin in karɓa don kar a ce ni na ɓata.