Kuben ƙaramar bindiga da bel ɗin da ke ɗauke da shi: shawara ga sababbin ma'aikatan ɗamara

Wannan magana ta matasan da suka shiga aikin ɗamara ce, waɗanda aka buɗe littafin ɗakin makamai aka rubuta sunayensu, aka rubuta lambar bindiga a gefe, aka ce su sa hannu. Dokar Makamai ta 1959, wadda har yau da ita ake aiki a Najeriya, ta sa fistol da libarba cikin jerin makaman da ba a yarda wani ya mallaka ba sai da lasisin Shugaban Ƙasa, saɓanin bindigar farauta da Sufeto Janar na 'Yan Sanda ke ba da lasisinta. Saboda haka wanda hukuma ba ta damƙa wa ƙaramar bindiga ba, ba shi da abin da zai sa a kube, kuma ba da shi nake ba.

A wurin horo ana koya wa kurtu harbi da kwance bindiga da goge ta, amma ba a cika tsayawa a kan yadda zai ɗauke ta ba, alhali ɗaukar ita ce mafi yawan aikin. Mutum zai iya shekara da shekaru bai harba ko ɗaya ba in ba a filin gwaji ba, amma kullum tun daga faretin safe har ya tashi aiki bindigar tana ƙugunsa. Abin da shekarun aikina tsakanin Katsina da Daura suka nuna mini shi ne, kuben da ke damun mai shi ba ya daɗewa a jikinsa. Zai cire ya ajiye a kan tebur, ko ya tura ƙarƙashin kujerar mota, ko ya riƙa gyara shi da hannu a gaban jama'a, kuma duk bindigar da ta bar jikin mai ita ta fara fita daga ikonsa. Don haka daɗin ɗauka ba shagwaɓa ba ce, yana cikin tsaron makamin.

Daga bel ya kamata a fara, ko da yake yawancinmu daga kube muke farawa. Ƙaramar bindiga ƙirar Glock 17 cike da harsashi takan kai wajen giram 900, Beretta 92 kuwa ta haura kilo ɗaya, kuma duk wannan nauyi a gefe guda yake rataye. Bel ɗin wando na kasuwa ba a yi shi don haka ba. Da zarar ka ɗora masa kube sai ya lanƙwashe waje, mariƙin bindiga ya karkata ya bar jiki, bakinta ya riƙa tokarar cinya. Ni da na ga haka, maimakon in canza bel sai na riƙa ƙara matse shi, har na huda sabon rami da ƙusa. Bayan wani lokaci sai gefen cinyata ta dama ya fara yin kamar ana tsira mini allura, daga baya ya mace, in na taɓa fatar sai in ji kamar ba tawa ba. Likita ne ya bayyana mini cewa akwai jijiyar da ke kai saƙon ji ga fatar cinya ta waje, wadda ta bi ta kusa da ƙashin ƙugu na gaba, kuma matsin bel mai nauyi yana danne ta. Maganin da ya ba ni bai wuce in sassauta in kuma nemi bel mai tauri ba. Sirdi komai kyansa, in majayi ya yi sako-sako sai ya juya da mahayi, kuma haka kube yake da bel.

Gwajin bel ba shi da wuya. Ka kama shi tsakanin babban yatsa da manuni, ka matse gefen sama zuwa na ƙasa. In ya naɗe, ba zai ɗauki bindiga ba. Mai kyau yakan kasance fata biyu da aka ɗinke, ko kuma nailan mai kauri da aka sa wa abin ƙarfafawa a ciki. Sai kuma faɗi: bel ɗin aiki na kan kaki yakan kai kusan santimita 5.7, na farin kaya kuwa kusan 3.8, kuma dole kunnen kuben da bel ke bi ta ciki ya yi daidai da faɗin. In kunnen ya fi bel faɗi, kuben zai riƙa zamewa gaba da baya, ya kuma biyo bindiga sama idan an zo zare ta. Tsarin da na fi yarda da shi shi ne bel biyu, na ciki a kunnuwan wando, na waje a bisansa ɗauke da kaya, a haɗe su da ƙananan maɗaurai. Matsalar ba sabuwa ba ce. Bel mai igiya ta kafaɗa da manyan hafsoshi ke sawa ranar fareti sunan Janar Sam Browne na sojan Ingila ya ci, wanda ya rasa hannun hagu a Indiya a 1858, ya ƙirƙiro igiyar don ta riƙe masa kuben takobi a wuri guda ya iya zarewa da hannu ɗaya.

Shi kuwa kube, sharaɗinsa na farko wanda babu sassauci a cikinsa shi ne ya rufe kunama, wato abin da yatsa ke ja a harba, gaba ɗaya, ta ɓangarorin biyu, da abu mai taurin da yatsa ba zai iya danna ta daga waje ba. Wannan ya fi tsanani ga bindigogi irin su Glock, wadda sojan Ostiriya suka karɓa a 1982, domin ba ta da makullin waje da ake murɗawa da yatsa. Matakan kariyarta suna sakin jiki ne da zarar an ja kunama, kuma jan bai wuce nauyin kilo biyu da rabi ba. Bindiga ba ta san bambancin yatsa da bakin riga ko naɗin fata ba.

A nan na yi kuskuren da har yau nake jin sanyin jiki in na tuna. Na kai wa wani baduku a cikin gari zanen bindiga a takarda, ya yi mini kube da jar fatar akuya, ya yi masa ado da zare, kowa ya gani sai ya yaba. Laifin ba nasa ba ne, domin abin da na nema ya yi mini. Fatar akuyar ƙasar Hausa ta yi suna a duniya saboda laushinta, kuma laushin nan da ya sa ta dace da alabe da jaka da kuben wuƙa shi ne ya sa ba ta dace da bindiga ba. Da hunturu ya zo fatar ta bushe, sai na ƙara ɓata lamarin da shafa mata man kaɗe. Wata rana da yamma a ɗakin makamai, na riga na cire gidan harsashi na duba cikin bindigar babu komai, ina mayar da ita kube don in miƙa, sai na ji wata 'yar turjiya, na ƙara dannawa, sai ƙarar ƙyas. Da na duba, leɓen kuben ne ya naɗe ciki ya shiga zoben kunama ya ja ta. Bakin bindigar a lokacin yana kallon cinyata, kuma da safiyar ranar na yi wannan mayarwa da harsashi a ciki.

Wanda yake son fata, ya nemi ƙirgi mai kauri wanda aka jeme da bagaruwa, irin jimar gargajiya, domin ita ce ke karɓar siffa in an jiƙa an matse, ta kuma riƙe siffar bayan ta bushe. Fatar da aka jeme da sinadarin kamfani ta fi laushi, kuma gishirin da ke cikinta yana iya cin ƙarfe in bindiga ta daɗe a ciki. A ninka bakin kuben a ɗinke domin ya zauna a buɗe ko da babu bindiga a ciki. Kada kuma a kuskura a bar wa baduku bindigar hukuma don ya auna. A sassaƙa masa siffarta da itace.

Kuben nailan da ake sayarwa wai yana shiga kowace bindiga, araha ce kawai ke sayar da shi, kuma araha ba ta ado. Abin da aka yi don kowa bai kama kowa ba: ƙarama tana iyo a ciki, babba kunamarta na leƙowa, bakinsa kuma yana rufewa da an zare.

Wanda na ƙare aiki da shi na roba mai tauri ne da ake kira Kydex, wadda wani kamfanin Amurka ya fito da ita a 1965 don aikin cikin jiragen sama, daga baya masu yin kube suka karɓe ta. Ana gasa ta a matse a kan siffar bindiga guda, saboda haka na Beretta ba zai karɓi Glock ba, kuma ka tabbatar da irin wadda aka ba ka kafin ka saya. Ba ta shan gumi, bakinta ba ya rufewa, kuma akan ji alamar kamawa idan bindiga ta zauna. Amma tana da nata aibin a ƙasarmu. A watan Afrilu, lokacin da zafin Katsina ke kai digiri 40, in ka bar ta a gaban gilashin mota tana iya sauya siffa ta daina kamawa. Ƙurar hunturu kuma in ta taru a ciki tana goge fentin bindiga, sukurorinta kuma suna kwancewa da girgizar hanya.

Mai kaki da ke ɗauke da bindiga a fili yana buƙatar abin da ya fi matsi kawai, wato maɗauri ko makullin da sai mai shi ya buɗe. Duk wanda ya taɓa aikin tare jama'a a Ƙofar Soro ranar hawan Sallah, ko a cunkoson kasuwar Mai'aduwa, ya san yadda ake matse mutum ta ko'ina har bai san hannun wa ke jikinsa ba. Na fi son makullin da babban yatsa ke buɗewa. Akwai irin da ake dannawa da manuni a gefen kube, kuma wasu makarantun horo a Amurka sun hana amfani da shi, saboda yatsan da ke dannawa yakan zarce cikin kunama yayin da bindiga ke fitowa. Kowane ka zaɓa, ka gwada shi da bindigar da ka tabbatar babu harsashi: ka sa ta, ka kifa kuben a kan katifa, ka ɗan girgiza. In ta faɗo, ba ka da kube. Sannan ka saba da buɗe makullin har hannu ya san shi, domin makullin da mai shi bai saba da shi ba shi zai fara hanawa.

Wurin da za a ɗaura shi kuma jiki ne ke yanke hukunci, amma gefen hannun da kake aiki da shi, daidai ɗinkin wando ko ɗan baya kaɗan, ya fi dacewa da yawancin mutane, mariƙin ya ɗan karkata gaba don kada ya tokari kujera. Tsakiyar baya na taɓa gwadawa don rigar ta kwanta lafiya, na daina bayan doguwar tafiya a bayan Hilux a hanyar Jibiya, inda kowane rami ƙarfen ke bugun ƙashin bayana. Wanda ya faɗi rigingine a kansa zai iya samun raunin da ba ya warkewa, kuma abin da ke bayanka ba ka ganin mai miƙo hannu gare shi. Na cinya, wanda samari ke so don ya yi kyau a hoto, an yi shi ne don masu rigar sulke da ke rufe bel, in ba haka ba lilo kawai yake yi in ana gudu. 'Yan'uwa mata kuma su lura cewa yawancin kube an yi shi ne a kan jikin namiji, sau da yawa mariƙin yakan soki haƙarƙarinsu, kuma akwai maɗaurin da ke saukar da kube ƙasa kaɗan ya ɗan nisanta shi da jiki.

Masu aikin farin kaya matsalarsu ta fi yawa, domin kaftani da wando mai mazagi ba su san bel ba. Mazagi ba ya ɗaukar kilo ɗaya, kuma bakinsa mai lilo yana daga abubuwan da suka fi saurin shiga zoben kunama. Soke bindiga tsirara a ƙugu, wanda ni ma na yi a farkon aiki har ta taɓa silalewa ta ƙafar wando, ko jefa ta aljihun kaftani tare da makullai da carbi, duk wasa da rai ne. Ka sa tela ya ɗinka wa wandon kunnuwan bel masu ƙarfi, ka sa kube na cikin wando mai maƙali da ke kama bel ta ƙasa, da singileti tsakaninsa da fata saboda gumi, domin gishirin gumi yana tsatsar da ƙarfe cikin ɗan lokaci, musamman da damina.

Kafin ka amince da sabon kube, ka sa shi a gida da bindiga marar harsashi ka yi duk abin da yini ke buƙata. Ka tsuguna kamar mai alwala, ka yi ruku'u da sujada, ka zauna zaman tahiya, ka hau babur, ka shiga mota ka ja bel ɗin kujera. Kuben da ya yi daɗi a tsaye gaban madubi yakan tona kansa a sujada, inda ko dai mariƙi ya ɗaga riga, ko bakin ya soki cinya, ko kuma bindigar ta fara zamewa. In dole ta sa ka cire, kamar a bayan gida, ka cire kube da bindiga tare, kada ka zare ta, kuma kada ka ajiye inda za ka iya tashi ka manta.

Mayar da bindiga kube ba a yin sa da gaggawa. Ka miƙe manuni a gefen ƙarfe nesa da kunama, ka janye riga da ɗaya hannun ba tare da ya gitta gaban baki ba, ka kalli bakin kuben da idonka, sannan ka tura a hankali. In ka ji turjiya ka tsaya ka duba, kada ka danna.

Ranar da kake goge bindiga ka goge kube ma. Na roba a wanke da ruwa a bar shi ya bushe a inuwa, a bi sukurori a matse. Na fata a goge da busasshen ƙyalle, a sa ɗan kakin takalmi a waje kawai, kada a bar bindiga ta kwana a ciki da damina. Ka duba ɗinki da maɓallin maɗauri da kunnen da bel ke bi. In ka ga tsaga a roba kusa da sukuri, ko ka iya naɗa leɓen fata da yatsa ɗaya zuwa wajen kunama, ka yanka kuben biyu kafin ka jefar, don kada wani kurtu ya tsinta ya ɗaura.