Ƙauyen da ba a jin daka

Ni ɗan ƙauye ne gaba da baya. A wani ƙauye kusa da Maƙarfi aka binne cibiyata, cikin gonakin rake, inda hayaƙin dafa mazarƙwaila ke turnuƙe gari da zarar sanyi ya shigo. Shi ya sa da takardar aikina ta fito, na ga gidan kula da tsofaffin da ya ɗauke ni yana wani ƙauye ne a yankin Norfolk, gabashin Ingila, sai hankalina ya kwanta. Abokaina da suka samu Landan suna ta yi mini jaje, ni kuwa na ce musu ai ƙauye ƙauye ne, ko a ina yake.

A ƙarshen Oktoban 2022 na sauka, shekarar da gwamnatin Birtaniya ta buɗe wa masu aikin kula da tsofaffi ƙofar biza. Daga Landan na hau jirgin ƙasa zuwa Norwich, daga nan wata abokiyar aiki ta ɗauke ni a mota cikin duhu, ta bi da ni wasu siraran hanyoyi da ba sa ɗaukar mota biyu, shingen ƙaya ya rufe su dama da hagu.

Washegari wayata ce ta kira mini sallar asuba. Na idar, na zauna a kan darduma ina jiran gari ya motsa. Ba sautin turmi, ba mai tallan koko, ba kukan jaki, ba muryar uwa tana tada yara. Da haske ya fito na sa rigar sanyi na taka garin daga wannan baki zuwa wancan, minti goma ya ishe ni. Coci guda, mashaya guda, zauren taro guda, gidaje tsaf-tsaf kamar an goge su da tsumma. Mutum biyu na gamu da su, kowanne riƙe da igiyar kare. Na ja na tsaya don mu gaisa, kamar yadda aka rene ni. Na farkon ya yi murmushi, ya ce yau da sanyi, ya wuce. Ko sassauta tafiya bai yi ba. Ni kuwa ina tsaye da ina kwana, ina gajiya, ina iyali, duk a bakina ban samu inda zan sauke su ba.

Ranar Lahadin ƙarshen watan aka mayar da agogo baya da awa ɗaya, kamar yadda suke yi duk shekara. Kafin Disamba ta raba, rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe 8, magariba kuma ta yi tun 4 ba ta cika ba. Aikina awa 12 ne. Cikin duhu nake tuƙa kekena in tafi, cikin duhu in dawo. Ƙauyen ba shi da bututun gas, don haka da kananzir ake ɗumama gidaje, tankinsa na bayan gida, kuma masu kawowa ba sa tasowa don abin da bai kai lita 500 ba. A hunturun nan farashinsa ya yi tashin gwauron zabo saboda yaƙin Yukiren. Ga bashin dillalin da ya yi mini hanyar aikin, wanda ya karɓi kuɗin da daga baya na gane bai halatta ya karɓa ba. Sau da yawa da rigar sanyi biyu na kwana don in tsimi kananzir.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a watannin farko shi ne gonaki. Ƙasar Norfolk shimfiɗaɗɗiya ce, sama ta yi faɗi, ido na tafiya har ya gaji. Gona ɗaya a nan ta fi gonakin unguwarmu duka in aka haɗa. Amma ba kowa a ciki. Ni da na saba ganin gayya, ana kiɗa ana noma, mata na kawo fura a ƙwarya, sai ga gona mai girman gari da mutum ɗaya tak a cikin tarakta, gilashi a rufe. A bakin hanya na riƙa ganin tsibi-tsibin wani farin tushe mai kama da ƙatuwar gwaza, an jibge shi kamar tsauni. Na tambaya, aka ce ai sukari ne. Ɗan gidan masu rake ne ni, ban taɓa sanin ana haƙo sukari daga ƙarƙashin ƙasa ba. Na raɗa masa suna gwazar sukari. Tun daga kaka har ƙarshen hunturu manyan motoci ke jigilarsa zuwa masana'antar Cantley da ke bakin kogin Yare, wadda aka gina a 1912. In iska ta juyo, wani wari mai zaƙi-zaƙi yakan iso har ƙofata, sai in tuna da tukunyar mazarƙwailar Baba.

Akwai kuma rufin ciyawa. A gida, mutum na samun kuɗi abu na farko da zai yi shi ne ya yaye jinka ya sa kwano. A nan gidan da ka gani da jinka, to na mai hali ne. Da wata doguwar ciyawar fadama suke yin ta, irin wadda ake yanka da hunturu a bakin tafkunan yankin, kuma in gwani ya ɗaura takan shekara 50. Na ɗauki hoto na tura wa Inna. Ta ce, "Ɗan nan, ashe su ma Turawan ba su gama yin kwano ba?" Na yi ta bayani, har yau ban tabbata ta yarda ba.

Juma'a sai Norwich. Bas ɗin ƙauyenmu sau kaɗan yake zuwa a yini, ranar Lahadi kuwa ba ya zuwa sam. In Juma'a ta faɗo ranar hutuna, nakan fita da hantsi, in yi salla, in bi ta titin Magdalen in sayi naman halal da garin masara da attaruhu, in yi sauri kada bas na ƙarshe ya bar ni. In ta faɗo ranar aiki, azahar nake yi a ɗakin ajiye barguna. Wannan rashin har gobe yana ci mini rai.

A wurin aiki na fara sanin mutanen ƙauyen, domin a can tsofaffinsu suke. Ba duka aka karɓe ni ba. Wata tsohuwa ta ce baƙin mutum ba zai taɓa ta ba, ta faɗa a gabana, aka canja mata ma'aikaci, ba wanda ya ƙara tada maganar. Amma akwai wani dattijo, tsohon lebura a gonakin yankin, ya haura 88, ciwon mantuwa ya kama shi. Ba ya tuna abin da ya ci da safe, amma da zarar motar gwazar sukari ta gifta ta taga sai ya farfaɗo. Yakan nuna mini da hannu yadda suke tuge ta suna yara, su haɗa biyu su buga don ƙasa ta zube, su sare ganyen da wata lanƙwasasshiyar wuƙa, yatsu sun daskare, an ɗaura buhu a ƙugu saboda laka. Hannunsa duk kanta, irin hannun mahaifina sak. Ni kuma in ba shi labarin saran rake. Kullum labarin sabo ne a wurinsa.

Ya ce in riƙa kiran sa da sunansa, haka al'adarsu take. Bakina ya ƙi. Baba nake ce masa, har ya saba yana amsawa.

Yayansa na cikin sojojin Norfolk da Japanawa suka kama a Singafo a 1942, bai dawo ba. Sunansa na jikin dutsen tunawa da ke gaban cocin, inda mutanen gari ke taruwa a watan Nuwamba da jan fure a ƙirji. Na gaya masa ƙanin kakana ma ya je yaƙin Bama, ya dawo da ciwon ƙafa da labaran daji. Ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba.

Cikin dare ya cika, wajen ƙarfe 3, ni kaɗai ne a kansa. Ɗansa na can wani birni mai nisa, sai bayan kwana biyu ya iso. Sai da aka yi mako uku kafin a yi jana'iza, kuma mu tara ne a cocin, uku daga ciki ma'aikata. Mutumin da ya yi shekara 60 yana noma wa garin nan abinci. Na sha jin bayanin cewa 'ya'ya sun tafi birni saboda aiki, gidajen ƙauye sun yi tsadar da matasa ba sa iya saya, kuma tsofaffin da kansu ba sa son zama wa kowa kaya. Duk na ji, akwai gaskiya a ciki. Amma zuciyata ba ta karɓi wannan ba, kuma ba na fatan ta karɓa. Ranar na koma gida da yaƙinin cewa mutanen nan ba su san zumunci ba.

Maƙwabciyata ce ta sa na sassauta wannan hukunci. Tsohuwa ce mai shekara 80 da ɗoriya, ita kaɗai a gida, tana da kaji shida. A ƙofarta akwai ɗan akwatin katako da take jera ƙwai a ciki, da gwangwanin zuba kuɗi. Ba mai tsaro. Ka ɗauka, ka jefa kuɗinka, ka tafi. Wata shida muna katanga ɗaya, abin da ke tsakaninmu bai wuce ɗaga hannu ba. Da mai ɗakina da 'yarmu suka iso a tsakiyar 2023, ta turo kati ta ramin wasiƙa tana yi musu maraba, amma ba ta shigo ba. Mai ɗakina ta ce, "Malam, wace irin maƙwabciya ce wannan, sannu da zuwa a takarda?" Mu ma dai mun taki sa'a, domin daga Maris na 2024 an hana sababbin masu irin aikina kawo iyali, kuma abokan aikina da suka zo bayan nan har yanzu ta waya suke ganin 'ya'yansu.

A Fabrairun 2024 Allah ya yi wa mahaifina rasuwa. Da asuba aka kira ni, kafin azahar an kai shi makwancinsa. Ta WhatsApp ƙanina ya nuna mini sahun salla, hoton na yankewa. Ba kuɗin jirgi, ko da akwai ma ba zan riski komai ba. Na san a can an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, jama'a na ta zuwa, ana ta kawo abinci daga maƙwabta. Ni kuwa ina zaune a falo da labule a sauke, ba wanda zai ce mini "ya haƙuri?" sai matata.

Ranar Talata ake kwashe shara. Na manta ban fitar da mazubinmu ba. Da safe na leƙa, na gan shi a bakin hanya, an jera shi kusa da na maƙwabciyata. Ashe ta lura kekena kwana biyu bai motsa ba. Da hantsi ta tambayi mai ɗakina ta kan katanga ko lafiya. Da la'asar aka ƙwanƙwasa ƙofa, karo na farko tun zuwana. Ga ta tsaye da sandarta, da ƙwai shida a hannu. Ta cire takalmi ba wanda ya ce ta cire. Ta zauna a bakin kujera, ta ce mijinta ya shekara 11 da rasuwa, ta tambaye ni me mahaifina ke nomawa. Na ce rake. Ta ce in ba ta labarinsa. Na fara, murya ta ƙi, ta bar ni na yi kukana ba ta ce uffan ba. Da shayinta ya huce ta miƙe.

Kashegari katuna suka fara faɗowa ta ramin ƙofa. Bakwai na ƙirga. Daga mutanen da ban san sunansu ba sai dai karnukansu, har da mutumin nan da ya wuce ni a safiyata ta farko. Wani ya rubuta cewa in ina bukatar a kai ni Norwich ranar Juma'a, motarsa na nan. Na karɓi tayin, ya kai ni, ya zauna a mota yana karanta jarida har aka sallame. Mu muna cewa zumunci a ƙafa yake. Su nasu yana tsayawa a bakin ƙofa ne, yana jira a ce masa shigo, saboda a tarbiyyarsu faɗo wa mutum gida ba sanarwa cin fuska ne. Duk watannin da nake cewa sun share ni, ashe sun san lokacin fitata da na dawowata. Har yanzu ina ganin namu ya fi ɗumi, kuma da za a ba ni zaɓi, a kan tabarmar ƙofar gidanmu zan so a yi zaman makokina. Katunan dai suna cikin jakar da nake ajiye fasfo.

Da bazara, maƙwabciyar tawa ta buɗe mini ɗakin gilashin da mijinta ke renon tumatir a ciki, wanda ya shekara 11 a rufe. Na sa aka aiko mini da iri daga gida. Kuɓewa ta ƙi, ta yi fure ta zubar. Alayyafo ya yi, yakuwa kuwa ta yi kyau har ta ba ni mamaki. Mai ɗakina ta yi fate da ita ta kai mata, ta ci cokali uku ta ce tsamin ya yi mata yawa, amma ta riƙe sauran. 'Yarmu ba ta san dokar bakin ƙofa ba, ta ɓular shinge take bi, ta doka sallama ta faɗa kicin tana kiran "Kaka!" Ita ce yanzu ke kwashe ƙwai da safe.

Ban san iya zamanmu a nan ba. Dokokin biza na ta sauyawa, a Yulin 2025 ma an rufe ɗauko masu irin aikina daga waje gaba ɗaya. Jiya motocin gwazar sukari suka fara wucewa, Lahadi mai zuwa za a mayar da agogo baya, kuma ban kira masu kananzir ba tukuna. Da yamma maƙwabciyata ta ƙwanƙwasa mini taga da sandarta, ta ce an faɗa a rediyo raɓa za ta daskare cikin dare, in je in tsinke sauran yakuwar kafin duhu.