Abin da kujerar sakatare ta koya mini game da ƙungiyar da ke daɗewa a sama

Na daɗe ina riƙe da aikin sakatare a wata ƙaramar ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta unguwa a Kano, irin waɗanda ke atisaye da sassafe a filin makarantar firamare kafin ɗalibai su iso. Aiki ne da ba ruwan 'yan kallo da shi: rajistar 'yan wasa, neman motar tafiya wasa, rubuta wanda ya karɓi alawus da wanda bai karɓa ba, sai zaman taro a hukumar ƙwallo ta jiha. Amma daga wannan kujera ce mutum ke ganin yadda ƙungiya ke tashi da yadda take rushewa. Abin da na fi lura da shi kuwa, rushewar takan soma ne a shekarar da ake tsakiyar murna.

Mun taɓa samun wasu yara da suka taso tare tun suna buga ƙwallon roba a lungu. Sun san juna ciki da bai, kuma sun ciyo mana kofi. A lokacin duk wanda ya ce a riƙa sa ƙananan da ke benci ko da na minti ashirin ne, amsa ɗaya ake ba shi: a bar su tunda suna ci. Ƙananan suka gaji da zaman benci, suka watse zuwa ƙungiyoyin maƙwabta. Ba a jima ba manyan su ma suka kama gabansu, wasu manyan kulob suka ɗauke su, wasu suka koma kasuwa saboda nauyin iyali ya hau kansu. Muka wayi gari da kofi a cikin kabad, babu masu kare shi a fili.

Wannan ne ya sa nake ganin abin da Alex Ferguson, kocin Manchester United ta Ingila a lokacin, ya yi a 1995 ya fi yawancin kofunansa girma. Manchester United ta ci gasar Firimiya a 1993 da 1994, ta rasa ta 1995 da tazarar maki ɗaya kacal. Ƙungiya ce mai ƙarfi, babu wanda zai zarge shi in ya bar ta yadda take. Sai ya sayar da Paul Ince da Mark Hughes da Andrei Kanchelskis a bazara guda, ya danƙa wasan a hannun yaran da suka fito daga makarantar kulob ɗin: Beckham, Scholes, Nicky Butt da 'yan'uwan nan biyu Gary da Phil Neville. Magoya baya sun yi ta ƙorafi, aka kuma doke su a wasan farko na kakar. A ƙarshenta suka ɗauki Firimiya da kofin FA. Yaran nan ba daga sama suka faɗo ba, an yi shekaru ana rainon su tun ƙungiyar ba ta buƙace su ba. Ga kuma wani abu da masu gaggawa kan manta: Ferguson ya zo a 1986, bai ɗauki kofin farko ba sai 1990. A wajenmu da wuya koci ya ga kaka ta biyu a irin wannan hali.

Sai dai United ɗin ita ce kuma ta nuna ɗaya gefen. Mutumin da ya yi ta sabunta 'yan wasa har ya ci Firimiya sau 13 ya tafi a 2013, babban jami'in gudanarwa David Gill shi ma ya sauka a wannan shekarar. An shirya wa kowane ɗan wasa magaji, ba a shirya wa kujerun nan biyu ba. David Moyes, wanda ya gaji Ferguson, bai cika shekara ba aka sallame shi, kuma an shafe fiye da shekara goma ana zuba kuɗi ba tare da kofin Firimiya ya dawo ba. Liverpool ta da can ta fi su dabara a nan. Da kocinta Bill Shankly ya ajiye aiki a 1974, mataimakinsa Bob Paisley ne ya karɓa, ya ci gasar Ingila sau 6 da kofin Turai sau 3. Bayansa Joe Fagan, shi ma ɗan gida, sannan Kenny Dalglish da ke cikin 'yan wasan. Koci yana tafiya, ilimin yana nan a gidan.

Ba sai mun je Ingila ba ma. Duk wanda ya zauna a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata tsakanin 2008 da 2014 ya ga abin da ake kira ƙungiya ta zauna daram. Kano Pillars, wadda aka kafa a 1990, ta ci gasar Najeriya a 2008, sannan ta jera uku: 2012, 2013, 2014. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Ta yi fiye da shekara goma ba a doke ta a gida ba a gasar lig, sai a 2015 Nasarawa United ta karya wannan tarihi. Abin da ya fi jan hankalina a matsayina na mai riƙe da littafi shi ne, kofunan nan huɗu koci uku ne suka ciyo su: Kadiri Ikhana, sai Baba Ganaru sau biyu, sai Okey Emordi. Ke nan ba koci ɗaya ne sirrin ba. Abin da bai canza ba shi ne ƙashin bayan ƙungiyar, irin su Rabi'u Ali Pele da Gambo Muhammad, mutanen da duk baƙon ɗan wasa in ya zo a wajensu zai koyi me ake nufi da kirarin ƙungiyar na Sai Masu Gida. A tsakiyar wannan zamani Ahmed Musa ya ci ƙwallo 18 a kaka guda ya wuce Turai, ƙungiyar ba ta girgiza ba.

Bayan nan an samu kofin Aiteo, wato kofin ƙalubale na Najeriya, a 2019 a Kaduna, sannan a 2022 Pillars ta faɗi daga babbar gasa. Ranar nan Kano ba ta ji daɗi ba, ni ma ban ji daɗinta ba. Dalilan suna da yawa, kuma ɗaya daga cikinsu yana wuyanmu mu 'yan kallo: an cire wa ƙungiyar maki saboda tarzomar da aka yi a wasanta da Katsina United. Makin da 'yan wasa suka samo da gumi, wanda ke wurin zaman 'yan kallo da dutse a hannu yana iya zubar da shi cikin minti biyar. An dawo a 2023, alhamdu lillahi. Amma har yanzu in na ga Rabi'u Ali, wanda ya haura shekara arba'in, yana ɗaukar nauyin wasa, sai farin ciki da damuwa su haɗu mini. Allah ya ƙara masa lafiya, ya yi wa Kano abin da ba za a iya biyan sa ba. Tambayata kawai, ina yara uku ko huɗu da ya kamata a ce yanzu suna takara da shi a kan wannan rigar?

Akwai kuma matsalar da ta fi ƙarfin koci da ɗan wasa. Mafi yawan manyan ƙungiyoyin Najeriya mallakar gwamnatocin jihohi ne. Kuɗinsu daga kasafin gwamnati yake fitowa, shugabanninsu naɗi ne, kuma in gwamnati ta sauya sau da yawa hukumar gudanarwa kan sauya da ita. Wanda bai san ko zai kai baɗi a kujera ba, da wuya ya sa kuɗi a kan yaro ɗan shekara goma sha huɗu da ba zai amfane shi ba sai bayan shekara biyar. Zai sayo wanda zai ci masa wasan Lahadi mai zuwa. Ban ga laifinsa sosai ba, tsarin ne ya koya masa hakan. Ni dai ra'ayina, ko da gwamnati za ta ci gaba da riƙe ƙungiya, ya kamata sashen matasa da ofishin rajista su zama aikin ƙwararru masu wa'adi a rubuce, waɗanda zaɓe ba ya taɓa su. Albashi kuma a biya shi a kan kari ko da kaɗan ne. Na gani da idona a ƙaramin matakinmu: yaron da ya tabbata zai karɓi ɗan abin da aka yi masa alkawari ranar da aka ce ya fi zama a kan wanda aka yi wa babban alkawari ana ja masa rai.

Darasin da ya fi shafar aikina kai tsaye shi ne na takarda. Dokokin FIFA sun tanadi kuɗi iri biyu ga ƙungiyar da ta raini ɗan wasa. Akwai diyyar horo, wadda ake lissafawa a kan shekarun da yaro ya yi yana koyo daga 12 zuwa 21, ana biyan ta idan ya sa hannu a kwantiraginsa na farko na ƙwararru ko ya sauya ƙungiya zuwa wata ƙasa kafin ya wuce 23. Akwai kuma kashi 5 cikin ɗari da ake cirewa daga kuɗin sayar da shi in an yi cinikin tsakanin ƙasashe, a raba wa ƙungiyoyin da ya zauna a cikinsu tsakanin shekara 12 da 23. Ga kulob na Turai wannan ba komai ba ne. Ga ƙungiya irin tamu, kaso ɗaya daga ciniki guda zai iya sayen riguna da takalma da biyan kuɗin mota na shekaru.

Sharaɗin dai shi ne a samu shaidar cewa yaron ya zauna a wajenka, wato rajista a hukumar ƙwallo mai ɗauke da sunansa na gaskiya da shekarunsa na gaskiya da ranar da ya zo da ranar da ya tafi. Nan ne ƙungiyoyin unguwa da yawa ke asara. Koci ya sha rana shekara shida a kan yaro, ya ciyar da shi daga aljihunsa, amma babu takarda ko ɗaya, sai a ga sunan wata makarantar ƙwallo da yaron ya yi wata uku a cikinta ita ce a rubuce. Rage shekaru kuma yana ƙara dagula lissafin, domin shekarun da ka yi kana rainonsa suna iya faɗawa ƙasa da 12 a takardar da ya tafi da ita.

Saboda haka yanzu duk yaron da ya zo mana, kafin ya taɓa ƙwallo sai mahaifinsa ko wakilinsa ya zo da takardar haihuwa mun zauna. Wasu iyayen kan ga kamar muna wahalar da su, sai na yi musu bayani cewa takardar tana kare ɗansu kamar yadda take kare mu. Littafin rajistar kuma kwafi biyu ne, ɗaya a hannuna, ɗaya a hannun wani matashi cikin tsofaffin 'yan wasanmu da rauni a gwiwa ya hana shi ci gaba. Tun bara shi ke zuwa taron hukumar jiha a madadina, shi ke cike fom, ni sai dai in duba in sa hannu.