Kafin Kaya Su Tsallaka Iyaka, A Lissafa Ranar da Kuɗi Zai Dawo

Kamfanoni da yawa da suka sha ƙasa a kasuwar waje ba rashin masu saye ne ya kayar da su ba, jarinsu ne ya maƙale a hanya.

Yau aka biya ma'aikata da kuɗin haɗa kaya. Kwantena ta yi makonni a teku, ta ƙara kwanaki tana jiran kwastam, dilan can kuma ya ce sai bayan kwana 60 ko 90 zai biya. Wata huɗu ke nan ko fiye kuɗi na kwance. In da kuɗin ƙasar mai saye aka yi ciniki, darajarsa ta faɗi da kashi 10 cikin ɗari kafin ranar biya, wanda ya ɗora ribar kashi 8 ya tashi da asara. Shi ya sa ake ƙulla yarjejeniya da banki a tsayar da farashin canji tun ranar ciniki, a kuma nemi takardar lamunin banki, wadda ke tabbatar da biya da zarar an gabatar da takardun jigila. Amma fa banki takarda yake dubawa ba kaya ba, saɓanin suna ko kwanan wata ya isa ya riƙe kuɗin.

A kwastam kowane kaya na da lambar HS, wato lambar da ke nuna nau'in kaya don sanin harajinsa. Alƙaluma shida na farko ɗaya ne a kusan duk duniya, sauran kowace ƙasa ke ƙara nata. Aka kuskure lamba, haraji ya canza, ga tara, ga kuɗin ajiya yana hawa kullum. Sai sharuɗɗan Incoterms, wato ƙa'idojin cinikin ƙasa da ƙasa da ke raba alhakin kaya tsakanin mai sayarwa da mai saye: a FOB alhakin mai sayarwa ya ƙare da zarar kaya sun hau jirgi, a DDP kuwa har harajin shigo da kaya na wuyansa. A ganina sabon shiga ya guji DDP, don alkawari ne a kan dokar da bai san kanta ba.

Alamar kasuwanci ma a yi mata rajista tun kafin a fara talla. A Sin wanda ya riga rajista shi ke da suna.

Yawan jari ma ba ya hana faɗuwa. Kamfanin Target na Amurka, mai manyan shagunan sayar da kaya, ya shiga Kanada a 2013, ya buɗe shaguna 133 kusan a tashi ɗaya. Bayanan girma da adadin kaya da aka shigar a kwamfuta cike suke da kurakurai, sai rumbuna suka cika maƙil alhali kantoci wayam. A 2015 ya rufe su duka.