Na danna 50, ashe amsar 48 ce

Har yau idan na tuna tambayar nan sai raina ya sosu. A wurin lesin da muke shirin JAMB ne a Tudun Wada, ranar jarrabawar gwaji. Wai mota ta tafi da gudun kilomita 60 a awa, ta dawo ta hanyar da ta bi da gudun 40, mene ne matsakaicin gudunta? Nan take na haɗa 60 da 40 na raba biyu. Ga 50 kuma zaune a cikin zaɓin, sai na danna na wuce. Ko takardar da aka ba mu don lissafi ban taɓa ba, kuma wannan ne ya fi ci mini rai, domin na san ƙa'idar sarai: nisa a raba da lokaci.

Da muka zo gyara na ce, "Malam, ai 50 ce." Ya ajiye alli ya dube ni, ya ce, "To, a tafiya ko a dawowa, ina motar ta fi daɗewa a hanya?" Sai na yi shiru. Ya ce in ɗauka nisan kilomita 120 ne. Zuwa awa 2, dawowa awa 3. Kilomita 240 ke nan cikin awa 5, wato 48. Motar ta fi ɓata lokaci tana tafiyar 40, dole amsar ta karkata wajen. Ko wane nisa ka zaɓa, 48 ɗin za ta fito. A cikin Keke Napep, kan hanyar gida, na gwada da 240 a bayan littafina, ita ce dai.

Akwai sauran ramuka, kamar rubuta awa ɗaya da rabi 1.3 maimakon 1.5, ko mantawa da ninkawa da 5/18 idan za a mai da kilomita a awa zuwa mita a daƙiƙa. Waɗannan ba su taɓa kama ni ba. Sauri ne ya kama ni. Tambayoyi 180 ne cikin awa 2, daƙiƙa 40 ke nan ga kowace, shi ya sa hannu ke rigan kai.

Yanzu ina koya wa ƙanwata. Da na ga ta fara haɗa gudu biyu sai in rufe lambobin da tafin hannuna, in ce ta fara rubuta mini jimillar nisa da jimillar lokaci. Jiya na ba ta 30 da 20. Ta daɗe tana kallon 25, sannan ta ja takarda ta fito da 24.