Hannun mai rubuta allon shago da fentin ruwa

Shekara tara na yi ina rubuta allunan shaguna a unguwar Aboabo da ke Kumasi kafin na taɓa fentin ruwa. A wannan sana'a kaifi shi ne komai. Bakin kowane harafi sai ya fito kamar da reza aka yanke shi, in ba haka ba Masta ya miƙo maka tsumma da kananzir ka goge ka sake. Da fentin mai muke aiki, shi kuwa inda ka ajiye shi nan yake zama. Da injunan buga allunan talla suka cika Kumasi aiki ya ja baya, sai na fara bin wani dattijon unguwarmu da ya yi karatun zane a Tek, wato jami'ar Kwame Nkrumah, ya koyar a sakandare har ya ajiye aiki. Abokin mahaifina ne, don haka Baba nake ce masa.

Ranar farko ya zaunar da ni a inuwar wani kanti a Zango, daura da wani Alhaji mai goro. Ya ba ni takarda manne a jikin katako, da ɗan akwatin fenti, da buroshi biyu. Na zage na yi aiki irin wanda na iya. Huhun goro, ganyen da aka lulluɓe shi da shi, hular Alhaji, kwanon rufi, har wayar lantarkin da ke can nesa, kowanne na fitar masa da iyakarsa tsaf. Baba ya riƙe takardar ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ɗana, hannunka na da tsafta. To amma ina kake so in duba?" Na ce ko'ina mana, Baba. Ya ce shi ke nan, ka kai ni kasuwar Kejetiya, kowa yana kiran farashinsa lokaci guda.

Abin ya sosa min rai, domin abin da ake yabona a kai shi ne aka kushe. Sai daga baya na gane nufinsa. Ido yana zarcewa kai tsaye inda haske da duhu suka haɗu da baki mai kaifi. In wurin guda ne, can mai kallo zai sauka. In ɗari ne, sai ya rasa masauki. Kuma ko a zahiri haka muke gani: idan ka kafa wa fuskar mutum ido, bangon bayansa da masu wucewa duk a dushe suke.

Abin da ya sa na saki jiki da wannan fenti shi ne da Baba ya gaya min ƙaro ne ke riƙe launinsa. Ƙaron nan dai da muke jiƙawa a tawada a makarantar allo, wanda ake kawowa daga ƙasashen Sahel irin su Sudan da Chadi da arewacin Najeriya. Shi ya sa ruwa ke iya tayar da fentin ko bayan ya bushe, kamar yadda almajiri ke wanke allonsa. Duk wanda ya taɓa ɗiga tawada a jiƙaƙƙen allo ya ga yadda take bazuwa, ya riga ya san rabin karatun. A busasshiyar takarda fenti yana tsayawa inda buroshi ya tsaya, kuma yayin da yake bushewa ruwan kan turo ƙwayoyin launi zuwa gefe, sai a samu siririn layi mai duhu irin shatin da kofin shayi ke bari a tebur. A jiƙaƙƙiyar takarda kuwa launi yana tafiya abinsa, bakinsa ya narke.

Wahalar tana tsakanin biyun. Takarda in ta sha ruwa da farko ƙyalli take yi, lokacin ne launi ke gudu sosai. Can sai ƙyallin ya fara mutuwa, ta koma laima kawai. A nan ne ake samun baki mai laushi wanda bai ɓata siffar abu ba, muddin fentin da ke buroshinka ya fi na takardar kauri. Daga nan sai wani ɗan lokaci mai haɗari, takarda ta yi kamar ta bushe alhali ba ta bushe ba. Ka kuskura ka taɓa ta da buroshi mai ruwa, sai ruwan ya ture launin da ke kwance ya bar maka tabo, ba abin da ya fi kama da shi kamar taswirar da yaro mai fitsarin kwance ke bari a katifa. Na yi irin wannan taswira ba adadi. Baba ya koya min in ɗora bayan hannuna a kan takardar: in na ji sanyi, da sauran ruwa, in kama kaina.

Buroshi na biyun nan da na ɗauka na ajiya ne, ashe shi ne na sassauta baki. Ka ja launi da na farko, kafin bakin ya bushe ka bi gefensa da na biyu, mai tsafta, wanda aka matse a tsumma har ya rage laima kawai. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kuma duk launin da za ka buƙata ka dama shi tun kafin ka jiƙa takarda, ba a fafe gora ranar tafiya.

A ɗaki mutum zai iya ƙiyasta wannan lokaci. A waje yanayi ne ke yanke hukunci. Da damina, wajen Mayu da Yuni, iskar Kumasi cike take da laima, sai ka shafa sararin sama ka zauna jira, ka sha koko, ka dawo, har yanzu takarda da sanyinta. Rashin haƙuri ya sha sa ni zana rufin gida a kan saman da bai bushe ba, rufin ya tsiro gashi. Da hunturu kuwa, Disamba zuwa Janairu, kafin ka kai buroshi ƙarshen takarda farkon ya bushe, kowace shafa ta bar nata layin. Dole na koma zama a inuwa, ina jiƙa bayan takardar ma, ina yawo da kwalbar fesa ruwa irin ta masu aski. Takarda ita ma da nata: ta auduga mai kauri, wadda murabba'in mitarta ke da nauyin giram 300, tana riƙe laima ta ba ka sarari, mai arha kuwa nan da nan ta kumbura ta bushe rabi da rabi. Tsada gare ta, shi ya sa nake yanka ta ƙanana in yi amfani da gaba da baya.

Da na ɗanɗana daɗin narkar da baki sai na zarce. Wata biyu duk abin da na zana kamar an zubar da koko a faranti. A wannan halin muka je tafkin Bosomtwe, kimanin kilomita 30 kudu maso gabashin Kumasi, da sassafe cikin hazon hunturu. Tafkin a cikin rami yake, tsaunuka sun kewaye shi, amma ran nan tsaunukan tsallake sun koma inuwa kawai, ba ka iya cewa ga inda ruwa ya ƙare ga inda tudu ya fara. Na jiƙa takardar duka, na saki toka-toka da ɗan shuɗi, abin ya kwanta yadda nake so, na ce na gama. Baba ya ce in jira ta bushe ƙarau. Sannan ya nuna min wani masunci can a kan ruwa. Masuntan wurin a kan falankin katako suke zama, suna tuƙi da hannu. Ya ce, "Yanzu fito da hannunka na allon shago." Shafa uku na yi da ƙaramin buroshi, launi mai duhu: falankin, bayan mutumin, kansa. Nan take hazon ya zama hazo, tsaunukan suka ja baya. Ban taɓa jin daɗin shekaruna tara na koyon kaifi kamar a wannan safiyar ba.

Inuwa ma na daɗe ina zaluntarta. Duba inuwar turken lantarki da hantsi: a gindinsa bakinta kaifi ne, tana nisa tana dushewa. Ni kuwa da kauri ɗaya nake janta daga farko har ƙarshe, sai ta zama kamar baƙin ƙyalle a ƙasa. Ga shi ba ta jira. Cikin rabin awa ta gusa, don haka tun farko nake sa mata alama da fensir in daina bin ta.

Bayan kusan shekara na koma wurin Alhaji mai goro. Farar rigarsa ban sa mata fenti ba, farin takardar na bari, domin a wannan aiki farinka shi ne abin da ka kiyaye. Kafaɗar da rana ta buga na yanke ta da duhun ƙofar shago, kaifi sosai. Ƙasan rigar kuwa na bar shi ya narke cikin inuwar benci, huhunan baya suka zama dunƙule ɗaya mai launin ƙasa. Na miƙa masa da hannu biyu. Ya gyara tabarau, ya duba sama, ya duba ƙasa, ya ce, "Kai yaro, fuskar dai tawa ce. Amma ƙafata ta hagu ina ka kai ta?" Na ce tana cikin inuwa, Alhaji. Ya leƙa ƙarƙashin bencin ya dubi ƙafar tasa, ya sake duban takardar, sannan ya zaɓo farin goro guda biyu ya ba ni, ya ce in na samu lokaci in dawo in ƙarasa masa.